Yatsu Huɗu a Kan Tayar Gaba

Akwai lokacin da sitiyari ke daina magana da hannun direba. Inji yana ƙararsa yadda ya saba, tayoyi suna juyawa, amma hanya ta yi kamar ta janye daga ƙarƙashin mota. Ka karkata dama, motar ta tsaya tunani. Gilashin gaba ya cika da sararin sama, kwalta ta koma can ƙasa. Babu girgiza, babu ƙara, sai wani laushi mai daɗi irin na gyangyaɗin bayan azahar. Sau ɗaya na taɓa jin wannan a cikin mota, a hanyar madatsar ruwa ta Tagwai, kuma da hannuna na haddasa shi.

Sunana Garba, ina walda a unguwar Sauka Kahuta a nan Minna, kuma abin da aka fi sanina da shi shi ne ɗaura wa a-kori-kura ƙugiyar jan tirela. Na san abin da ku matasan sana'ar kuke faɗa: ƙugiya ce kawai, a liƙa ta a bayan mota, a shafa fenti, a sallami mai ita. Gaskiyarku, liƙawar ba wuya. Duk wanda ya shekara biyu da sandar walda a hannu zai iya. Wuyar tana wurin sanin inda za a liƙa.

Ƙugiyar farko da na ga an ɗaura ta wani mutum ce da ke jan tankin ruwa zuwa wuraren gini. Lokacin ina koyon aiki a hannun Baba Loko. Sunansa na yanka Sule, amma mahaifinsa ma'aikacin reluwe ne da ya ƙare rayuwarsa yana haɗa taragu a loko, wato wurin gyaran jiragen ƙasa, sai sunan ya bi ɗan. Kayan awon Baba Loko uku ne: alli, da zare mai noti ɗaure a bakinsa, da hannunsa na dama. Da aka kawo motar, bai je bayanta ba. Gaba ya zagaya, ya durƙusa, ya zura yatsunsa tsakanin saman tayar gaba da bakin modigad, ya ce, "Huɗu." Ya rubuta huɗu da alli a jikin ƙofa. Bayan an gama aiki, an rataya tankin cike da ruwa, sai ya koma ya sake zura hannu. Kowace mota da nata adadin, amma doka ɗaya ce. In huɗu ta zauna a huɗu, ko ta ɗan motsa kaɗan, mota ta tafi. In ta zama biyar da rabi, ko shida har sai an aro ɗaya hannun, to ya kwance aikin, ko da mai motar zai yi kuka.

Na tambaye shi dalili. Bai amsa ba sai ranar kasuwa, da matan Gwari suka biyo ta gaban rumfar da doya a kafaɗa, suna tafiyar nan tasu mai sauri ba tangaɗi.

"Ina kayanta yake?" ya ce.

"A kafaɗa, Baba."

"Ina ƙafarta?"

"A ƙarƙashinsa."

"To je ka ba ta doguwar sanda, ka rataya mata doyar a ƙarshen sandar ta bayanta, mu ga ko za ta kai kasuwa."

Ilimin sana'ar kenan gaba ɗaya, sauran duk bayani ne. Aksil na baya, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya biyu, shi ne ƙafar a-kori-kura. Nauyin da ya sauka a kansa, mota ta ɗauka lafiya. Nauyin da ya sauka a bayansa kuwa, kamar katako ne da aka ɗora a kan dutse: ka danna wutsiya, kai ya ɗaga. Kan motar nan da ke ɗagawa, a nan tayoyin da ke juya ta suke, a nan kuma mafi yawan ƙarfin birki yake. Iya nisan ƙugiya daga aksil, iya ƙarfin da tirela ke samu a kan motar, ta ɗaga mata kai, ta kuma kaɗa mata gindi hagu da dama. Ƙugiyar bamba tana da amfaninta ga ƙaramin kaya. Babban kaya yana son a shigo da shi ciki.

Mu a Minna muna da wata al'ada da ke ƙara wa wannan matsala gishiri. Garin doya ne, kuma mai a-kori-kura ba ya ƙaunar ya ga an bar doya a gona saboda bodi ya cika. Saboda haka sai a kawo mana mota mu ƙara wa bodin tsawo ta baya, kamu biyu, wani ma uku. Ga doya wannan ba laifi sosai, tun da direba mai hankali yana tara manyan a gaba. Amma ranar da mai motar ya so jan tirela, ina zai nuna maka ka liƙa ƙugiya? Can ƙarshen abin da aka ƙara. Ka ga sandar matar Gwari ta ƙara tsawo.

Jirgin Ndagi ya zo mini a shekarar da na buɗe rumfata. Idon Baba Loko ya riga ya fara dusashewa, hasken walda na shekaru ya cinye shi, ya koma gida ya zauna, ni kuwa na gaji yawancin masu kawo masa aiki. Ndagi Banufe ne daga wajen Bida, masassaƙin jirgin ruwa, yana zaune a Shango. Kakana Bakatsine ne, don haka tun ranar da muka fara haɗuwa bai taɓa kirana da sunana ba.

"Bawana Bakatsine," ya ce, "zo ka ga abin da ba a yi a garinku, inda ruwan alwala ma sai an yi tafiya."

Na bi shi. A filin bayan gidansa jirgin yake, a kan guma-gumai, na katakon maɗaci, dogo, mai siririn baki. Ƙananan kwale-kwalensa a saman mota ake kai su ruwa, amma wannan ya fi ƙarfin haka. Wata takwas ya yi yana aikinsa. Ya cusa auduga a tsakanin katakai, ya bi da kwalta, ya goge cikin har hannu yana santsi. Jirgin iyali ne, wanda 'ya'yansa za su riƙa kamun kifi da shi a Tagwai. Na tsaya a gefensa da rana tsaka, ƙamshin maɗaci da kwalta yana tashi, sai na ga kamar jirgin yana numfashi, kamar ya ƙagu.

Motar da za ta ja shi ta ƙanensa Alhassan ce, direban doya, kuma an ƙara mata kamu uku. Na haɗa tirelar da tsohon aksil na bas, na ɗaura ƙugiyar a ƙarshen bodi, domin Alhassan yana son cikin motar ya zauna fili ya zuba taru da mutane. Waldar da na yi a ranar, har yau ban yi wadda ta fi ta kyau ba. Ta kwanta layi-layi kamar kitso.

Da safe aka ɗora jirgin. Dangi sun taru, mata sun dafa shinkafa, liman ya yi addu'a an shafa. Na zagaya gaba kamar yadda aka koya mini. Jiya huɗu na rubuta a ƙofa. Na zura hannu, yatsu huɗu suka shige, babban yatsa ya bi su, wuri ya rage. Shida ne, har da ɗoriya.

Ina so ku fahimci wannan da kyau. Ba mantuwa na yi ba, ba kuma rashin sani ba ne. Na auna, na gani. Amma an riga an yi addu'a, mutum arba'in suna tsaye, waldata tana ƙyalli, kuma kwance aikin yana nufin in ce wa dattijo a gaban surukansa a sauke jirgi a jira kwana uku. Sai na miƙe na goge hannuna a wando.

"Yaya, Bakatsine?" in ji Ndagi.

"Lafiya lau," na ce. "A tafi a hankali dai."

Na shiga gaba kusa da Alhassan. An yi ruwa da asuba, hanya tana sheƙi. Da muka bar gari, gonakin shinkafa suka buɗe kore shar, tururi yana tashi daga kwalta, sai Alhassan ya yi dariya.

"Malam Garba, me ka yi wa motar nan? Taɓa ka ji. Ta zama ta masu kuɗi."

Na ɗora yatsa ɗaya a sitiyarin. Ya juya kamar faifai. Babu nauyin hanya a cikinsa ko kaɗan. Muna tafiya kamar ba a ƙasa ba, bishiyoyi suna wucewa shiru, balbelu suna tashi daga fadama suna bin gefenmu, a madubi kuma ga bakin jirgin yana lilo a hankali, dama, hagu, dama, kamar mai jin waƙa. Na buɗe baki in ce ya tsaya. A daidai nan hanya ta gangara, ta kuma lanƙwasa.

Alhassan ya juya sitiyari, motar ta ci gaba da tafiya miƙe. Ya taka birki, tayoyin gaba suka zame a kan jiƙaƙƙiyar kwalta, tirelar ta turo gindin motar gefe, muka naɗe kamar wuƙar aljihu. Mu ba abin da ya same mu sai ƙujewa. Jirgin ne ya tsinke igiyoyinsa, ya sauka a kan wani falalen dutse, ya tsage daga baki har tsakiya. Ƙarar tsagewar maɗaci ba ta da tsawo. Da na sauko, abin da na fara dubawa ƙugiyar ce. Tana nan daram. Waldata ko tsagewar gashi ba ta yi ba.

Ndagi ya iso a motar da ke biye da mu. Ya zagaya jirgin sau biyu. Bai dube ni ba, bai kuma ce Bakatsine ba. Ya ce wa 'ya'yansa, "Ku tattara katakan. Har ƙusa kada ku bari."

Shekarar nan ita ce mummunar shekarata. Labari a tashar doya ba ya buƙatar mota. Masu tankin ruwa da masu jan injin casar shinkafa suka koma wurin wasu. Na koma yin ƙofofi da tagogi da murhun gawayi. Wasu suka ce waldata ce ta karye, kuma ban gyara musu ba, domin gaskiyar ta fi haka muni. Mutum ɗaya na gaya wa. Na je gidan Baba Loko, na same shi a zaure yana sauraron rediyo, na ce masa shida na samu.

"Ka auna?"

"Na auna, Baba."

"To da sauƙi," ya ce. "Wanda bai auna ba jahili ne, sai an koya masa. Kai kuwa kunya ce ta kama ka, ita kuwa sau ɗaya take cin mutum in yana da rabo." Ya ƙara muryar rediyon.

Damina uku suka wuce. Wata safiya ina yanka ƙarfen ƙofa sai inuwa ta rufe mini aiki. Ndagi ne, ya rame, hannunsa na dama yana ɗan rawa.

"Bawana," ya ce, "jirgin ta gama." Hausarsa ta Bida ba ta taɓa damuwa da wane ne namiji wace ce mace ba.

Na ajiye abin da ke hannuna. Na ce masa akwai masu walda da yawa a Minna.

"Akwai. Amma su ba su san inda ramin yake ba. Kai ka faɗa ciki, ka san zurfinsa." Ya ɗaga hannun mai rawa ya nuna mini. "Ka ga wannan? Ba zai sake riƙe gizago ba. Wannan jirgin shi ne na ƙarshe, rabin katakansa ma na wancan ne. In ya fashe, yarana sai dai su yi haya a jirgin wasu har abada. Ka kai mini shi ruwa."

Na ce sai dai a yi yadda na ce, ba yadda kowa ya ce ba.

"Ji Bakatsine da sarauta," in ji shi. "An ba ka."

Rigimar da Alhassan aka yi ta. Da ya ji zan huda tsakiyar bodinsa, sai ya dafe kai. "A nan nake zuba doya, Malam Garba! Da ƙarfe a tsaye a tsakiya, sai in riƙa kai wa mutane doya mai rauni?" Ya fi son a mayar da ƙugiyar inda take, a yi tafiyar hawainiya. Na ce masa wancan karon ma ba gudu muke yi ba. A ƙarshe muka shirya a kan cewa ƙwallon ƙarfen da tirela za ta zauna a kai zai zama mai cirewa, a zare fil a ɗauke shi, a rufe ramin da faranti, doya ta kwanta lafiya.

Ga yadda aka yi aikin. Na tsayar da motar a shimfiɗaɗɗen siminti. Na saki zare mai noti daga tsakiyar tayar baya ta dama, na diga alli inda ya nuna, na yi haka a hagu, na ja layi tsakaninsu. Wannan layin shi ne aksil. Na ɗauko shi zuwa saman bodi, sannan na matsa gaba, wajen kan mota, faɗin tafin hannu ɗaya. A nan na huda. Dalilin matsawar shi ne nauyin ya ɗan taɓa tayoyin gaba, ya danna su a ƙasa maimakon ya ɗaga su. In ka zarce da yawa kuma, ranar da aka sha kwana mai tsanani tirela za ta fasa gilashin bayan direba. Farantin bodi ba ya ɗaukar irin wannan nauyi, saboda haka a ƙarƙashi na gitta kauraran ƙarafa biyu daga wannan gefen shasi, wato ƙashin motar, zuwa wancan, na ɗaure su da bol da noti, ban gasa shasin da wuta ba. Tirelar kuwa na yanke mata baki, na ƙera mata dogon wuya da ya tashi sama, ya haye kamu ukun nan da aka ƙara, ya sunkuyo a tsakiyar bodi. Baba Loko wuyan zalɓe yake ce wa irinsa. Na sa sarƙoƙi biyu. Na sa Alhassan ya yi ta kewaya fili, dama da hagu har ƙarshen sitiyari, ina biye ina duba kada kusurwar bodi ta taɓa tirela. Kwana shida aikin ya ci.

Ranar tafiya babu shinkafa, babu taro. Ndagi ya ce addu'a a bakin ruwa za a yi ta. Amma akwai mutum ɗaya da ya aika aka ɗauko a babur, ba tare da ya gaya mini ba. Baba Loko ne, da sandarsa, idanun sun yi fari fat.

"Ban yarda da hannun Bakatsine ba," in ji Ndagi. "Na kawo wanda ba ya ganin fuskar kowa, balle ya ji kunyarta."

Aka kai Baba gaban motar. Ya lalubi fitila, ya lalubi modigad, ya durƙusa da ƙyar, ya zura hannu. "Huɗu," ya ce. Aka sauke wuyan tirelar a kan ƙwallon, jirgin yana kai, sifirin ɗin baya ya yi ƙara ya zauna. Ya sake zura hannun. Ya daɗe.

"Ƙaramin yatsan ya matse," ya ce. "Huɗu ba kaɗan. Ku tafi."

Hanyar ita ce dai, gonakin su ne, har balbelun kamar su ne. Amma wannan karon kowace tsakuwa sai da muka ji ta a jikinmu. Alhassan yana riƙe da sitiyari da hannu biyu yana mita, wai motar ta koma ta talakawa. A madubi bakin jirgin yana tsaye cak, yana bin mu kamar saniyar da ta san gida. Muka iso gangaren, muka iso kwanar. Falalen dutsen yana nan, ciyawa ta fito a gefensa. Alhassan ya juya, motar ta juya, jirgin ya juya.

A Tagwai muka ja da baya har tayoyin tirelar suka nutse. 'Ya'yan Ndagi suka kwance igiyoyi, suka tura. Jirgin ya zame a hankali, ya yi ɗan nishi, sannan ruwa ya karɓe shi. Ana gane tsofaffin katakan, sun fi duhu, suna jere da sababbin. Ndagi ya shiga ruwa har gwiwa, ya shafa cikin jirgin tun daga baki har gindi yana neman danshi. Ya ɗago hannu a bushe.

"Shiga," ya ce mini.

Na ce ni mutumin tudu ne.

"Na sani. Shiga, bawana, ba a yi wa ubangida musu."

Na cire takalmi na shiga, na zauna a tsakiya na riƙe gefe da hannu biyu. Babban ɗansa ya dogara gora, gaɓa ta fara ja da baya. Ƙarar injin motar ta yi nisa, ta ɓace. Sama ta sauko ta kwanta a kan ruwan, har ban iya cewa ga inda ɗaya ta ƙare ɗaya ta fara ba. Ƙasa ta janye daga ƙarƙashina, babu girgiza, babu ƙara, sai laushin nan. Na gane shi nan take. Shi ne wanda na ji da yatsa ɗaya a kan sitiyarin Alhassan.

Ndagi yana zaune a baya yana kallona, hannunsa mai rawa a kan katakon.

"Ka ji shi?" ya ce.

"Na ji."

"To nan ne gidansa. Kada ka ƙara kai shi kan kwalta."